Kujerar Auta

Awa guda ke nan ina tsaye a zauren wasan yara na makaranta, riƙe da 'yar kujerar autata da ta rasu bara. Kyauta na kawo musu, amma kafintan da ke gyaran dandamali ko kallona bai yi ba. Dogo ne, fensir a bayan kunne. Gwiwoyin wandonsa sun koɗe, da alama ya daɗe yana wannan durƙuson gaban dandamali. Sai tsaki yake yi.

"Malama, wannan tsayin na iyaye ne," yake ce wa shugabar makaranta. "Yara ba za su ga komai ba sai katako."

Haka auta ta riƙa ƙorafi duk shekara, ni kuwa ina ce mata ta yi shiru.

Ya karɓi kujerar babu ko godiya, ya zauna a kai, ya duba, ya ɗauki zarto ya nufi ƙafafun dandamalin.

Na bar masa ita.