Ranar da muka kai kwamfutata Kamba

Sana'ar ɗaukar hoto ta same ni ne ba shiri. A bikin wata ƙawata a nan Bagudo aka kira mai hoto, sai uwar amarya ta ce namiji ba zai shiga cikin gida ba. Na ɗauka da wayata, hotunan suka yi kyau, daga nan duk suna ko walima a unguwarmu sai a aiko a kira ni. Da abin ya kankama, yayana, wanda yake fataucin albasa tsakanin nan da ƙasar Benin, ya kawo mini tsohuwar kwamfutar tebur, daga baya na haɗa da sikana da ƙaramar firinta. Na yi musu wuri a kusurwar ɗakina, kusa da keken ɗinkin da na daina takawa.

Kwamfutar ta yi mini aiki ba laifi har shekarar da ruwa ya ci shinkafar Kaoje ya shiga gidaje. Bayan ya janye, mata suka fara kawo mini tsofaffin hotuna da suka jiƙe, wasu sun manne da juna, wasu laka ta bushe a kansu. Ban taɓa gyaran irinsu ba, amma na koya a hankali. Sai na sa hoton a sikana, in ɗauke shi da girma sosai yadda zan ga kowane ɗigo, sannan in bi shi ina share tabo. A nan ne kwamfutar ta fara nuna gajiya. In na buɗe hoto ɗaya sai ta yi ta nishi, in na ƙara na biyu sai komai ya tsaya cak.

Wata safiya maƙwabciyata ta shigo da wata tsohuwa daga cikin Dandawa, wadda ƙauyensu yake bakin kogi ta ɓangaren Benin. Tsohuwar ta zo duba 'yarta ne, ta ji labarina. Ta kwance bakin zanenta ta fito da hoto a cikin leda. Wani magidanci ne a tsaye cikin kwalekwale, ya rungumo giwan ruwa da hannu biyu. Ruwa ya cinye gefen fuskarsa na dama.

"Ɗiyata, wanga shi kaɗai ya rage mini na maigidana," in ji ta. "Jikokinai ba su san shi ba. Ina son su ga kamatai."

Na shimfiɗa mata tabarma na fara aiki tana kallo. Na gyara kwalekwalen, na gyara kifin, ina isa fuskar sai kwamfutar ta daskare. Na jira, na danna, shiru. Dole na kashe ta, duk abin da na yi ya tafi. Na sake farawa, ta sake yi mini haka. Da tsohuwar ta ga zufa ta keto mini sai ta ce, "Bar ta ta huta, dabba ma in ta gaji ba a dukanta." Na roƙe ta ta bar mini hoton, ta yarda, ta ce sai bayan kasuwa biyu za ta koma gida.

Da yamma na faɗa wa Yaya. Ya kira wani abokinsa a waya, abokin ya ce ram ne ya yi mata kaɗan, wato mimorin da take aiki da shi, kuma a sa mata giga talatin da biyu a huta. Yaya ya ji daɗin wannan shawara, domin shi a komai babban yake so.

"In za a yi, a yi gaba ɗaya," ya ce. "Ban son a riƙa komawa."

Ni kuwa ban san ko giga talatin da biyu abu ne mai yawa ba ko kaɗan. Na dai san ba na son a kashe abin da ba dole ba a kaina.

Washegari muka shiga motar Kamba, inda Yaya ya san wani mai gyara. Na naɗe akwatin kwamfutar da tsohon zane na rungume shi a cinya, matar da ke kusa da ni har tana tambayata ko injin markaɗe ne. Shagon ƙarami ne a bayan masu sayar da waya. Mai gyaran dattijo ne mai tabarau, ya saurari Yaya har ya gama bayaninsa na talatin da biyu, sannan ya juyo wurina.

"Malama, ke ce mai aiki da ita? Wane aiki kike yi?"

Na gaya masa. Ya kwance murfin, ya hure ƙurar da ke ciki, ya nuna mini ramuka biyu dogaye a jikin allon. Ɗaya da wani siririn abu kore a ciki, ɗaya babu komai. Ya ce koren nan shi ne ram ɗin, giga huɗu ne. Ya haɗa kwamfutar ya kunna, ya ce in buɗe hoton da ya gagare ni. Ina buɗewa ya nuna mini wani zane a gefe, layinsa ya haura har ƙarshe.

"Kin gani? Ya cika. Wurin ajiyarki bai da matsala, rumbu ne babba, akwai fili. Shi ram kamar tabarmar shanya ne. Kina da buhu goma a rumbu, amma tabarmar ta kwano biyu ce, dole ki riƙa kwashewa kina zubawa."

Ya duba rubutun da ke jikin allon, ya ce wa Yaya wannan kwamfutar ba ta ɗaukar abin da ya wuce sha shida, ko an sa mata fiye ba za ta gani ba. Yaya ya gyara hula ya ce to ai shi ke nan, a sa sha shida.

"Tsaya tukuna, Alhaji," in ji mai gyaran. "In hoto ne kawai, takwas zai riƙe ta, sai dai kar ta buɗe da yawa a lokaci guda. Sha shida na wanda zai haɗa bidiyo ne. Malama, za ki yi bidiyo?"

Tambayar ta zo mini a bazata. Gaskiya na daɗe ina tunanin haka. A kowane biki sai wata ta ce in ɗauki rawar ko shigowar amarya, in ɗauka a waya guntu-guntu, ba ni da yadda zan haɗa su. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, domin ina ganin za a ce na cika buri, mace da kwamfuta a ɗaki ma ai an yi mini alfarma. Na dubi Yaya, yana kallona yana jira.

"Ina so," na ce. "Ban iya ba, amma ina so in koya."

Yaya ya yi dariya har da tafa hannu. "Ji min yarinya! Tun yaushe kike riƙe da wagga magana? Da kin faɗa tun a gida ai da ba mu tsaya jayayya ba."

Sai dai ram ɗin irin na da ne, kuma guda ɗaya mai giga takwas kawai mai gyaran yake da shi. Ya sa shi a ramin da babu komai, ya bar tsohon a wurinsa, ya gwada ya ga sun zauna lafiya tare. Ya ce in yi aiki da sha biyu ɗin nan tukuna, in an samu wani takwas ɗin a cire ƙaramin. Ya sa Yaya ya ɗauki hoton rubutun da ke jikinsa, don kar a sayo wanda ba zai shiga ba. Har ya koya mini yadda ake buɗe 'yan maƙallan gefe da yadda ake danna shi ya zauna, ya sa na yi da hannuna har na daina tsoro.

Da muka dawo na buɗe hoton tsohuwar. Kwamfutar ta bi ni duk inda na kai hannu, ba nishi, ba tsayawa. Gefen fuskar da ya lalace na kwaikwayo shi daga ɗaya gefen. Da tsohuwar ta zo karɓa, ta riƙe hoton nesa da ido ta daɗe tana kallo.

"Shi ne," ta ce. "Amma kunnen ga ba nashi ba ne. Nashi na dama a tsage yake, ƙugiya ta kama shi yana yaro."

Na ce ta zauna kusa da ni ta nuna mini. Ta sa yatsa a kan gilashin kwamfutar, nan, a'a, ƙasa kaɗan, ina ja tana gyara mini, har ta ce ya isa. Na buga mata guda uku, ta ce ɗaya nata, sauran na 'ya'yanta. Ta sa mini albarka da Hausa, ta ƙara da Dandanci, ta bar mini busasshen kifi a ƙofar ɗaki.

Ɗaya ram ɗin sai bayan an girbe gero Yaya ya samo shi a wata kasuwa a can Benin, ya kawo shi a naɗe cikin takarda a aljihun gaba. Ni na sa shi da kaina. Bidiyona na farko na sunan ɗiyar maƙwabciyata ne. Hoton ya karkace a wurare, muryar masu guɗa ta danne komai, kuma na yanke kan kakar jaririyar a wajen rabon goro. Duk da haka matan gidan suka cika ɗakina suna kallo, kowa tana neman kanta a ciki, kuma kafin su tashi wata daga Bahindi ta ce bikin ƙanwarta yana nan tafe bayan Sallah, kar in karɓi aikin kowa a ranar.