Shamadan Bisa Kan Mai Sayar da Cuku

Insaf, wadda duk unguwarmu a garin Tanta na ƙasar Masar ke kira Maman Nahid, ta zauna a benen da ke saman ɗakina tun ina koyarwa a firamare har na yi ritaya. Sana'arta rawar ƙugu. Ta koye ta tun tana ƙarama a hannun gwaggonta, wadda takan ɗora mata kofin shayi a ka, ta ce ƙugu ya yi ta motsi amma kada shayin ya sani. Da rana takan koya wa matan unguwa a falonta, labule a sauke; ni kuwa daga ƙasa nakan gane sabuwar ɗaliba da nauyin dunduniyarta.

Abin da aka fi sanin ta da shi shi ne shamadan, alkukin tagulla mai rassa da ake jera wa kyandirori. Takan ɗora shi a ka, ta yi rawa a gaban amarya tun daga ƙofar uba har ƙofar miji. A wurinmu, amaryar da ta fita babu haske a gabanta, tsofaffi sukan ce duhu ta shiga, kuma duk saɓanin da ya biyo baya a kan haka ake ɗora shi.

Da aka sa ranar 'yarta Nahid da ɗan wani mai kantin magani, uwar ango, Hajiya Fardus, ta zo da kanta. Ina wurin, ni na zuba shayi.

"Maman Nahid, ke kika raka 'yata, ban manta ba," in ji Hajiya. "Amma yanzu surukai za mu zama, kuma danginmu za su zo daga Alƙahira. In ƙugunki ya motsa a ranar nan, ko sau ɗaya, ɗana zai koma gida shi kaɗai."

"To wa zai haska wa yarinyar hanya, Hajiya?"

"Ki nemo wata. Ba ɗalibai gare ki ba?"

Ta nema. Ta bi ɗalibanta gida gida. Wata ta ce, "Haba Anti, a titi? So kike maigidana ya yanka ni?" Wata ta ce ita don rage teɓa kawai take zuwa. Waɗanda suka koyi shamadan tare da ita kuwa, wata ta rasu, wata kuma ciwon ƙafa ya hana ta tashi. Insaf ta daina cin abinci. Takan sauko ɗakina ta zauna a ƙasa, ta ce, "Malama, 'ya'yan mutane duk na raka su. Tawa ce za ta fita a duhu?"

Wata safiya, daga taga, ta hango Atiyyat, bazawarar ƙauye mai tallar cuku, tana ciniki da faɗa. Hannuwanta biyu suna ta yawo a iska, daron da ke kanta ko gezau. Insaf ta sauka ba takalmi.

"Ke mai cuku! Wa ya ba ki wannan wuyan?"

"Wanda ya ba ki wannan bakin. Za ki saya ne ko kuwa?"

Da Atiyyat ta ji abin da ake so da ita, sai ta yi tsaki ta juya. Insaf ta kama gefen rigarta a tsakiyar titi, tana kuka a gaban masu shago, ita da ba ta taɓa roƙon kowa ba. Atiyyat ta ce, "Saki rigar, ita ke nan gare ni. Ni dai ba ni da mijin da zai yanka ni, Allah Ya ji ƙansa."

Wuya ya zo a shirye, ƙugu ne ya ƙi. "Wannan ƙugu ne ko murhu?" in ji Insaf. Atiyyat ta ce murhun ya dafa 'ya'ya, ba irin na wasu ba. Kakin kyandir ya ƙona mata kafaɗa, ta zagi Insaf da kakanninta, washegari ta dawo. Insaf ta koya mata taku, da sauka a gwiwa, da ajiye kyandirori a firij don kada su yi saurin narkewa. Abu ɗaya ta manta, domin jikinta ne ke yin sa ba da tunaninta ba: a kwanar gidan burodi iska ke shigowa, kuma ita kullum a nan take juyawa ta fuskanci amarya, ta yi tafiya da baya.

Ranar biki, bayan magariba, aka fito. Insaf tana bayan amarya cikin doguwar riga ta iyaye, Hajiya Fardus a gefenta. Atiyyat ta yi kyau har kwanar. Nan iska ta tare ta gaba da gaba, kyandirori suka soma mutuwa bi da bi, har saura guda yana rawar ɗari. Mata suka fara salati. Atiyyat ba ta ganin abin da ke bisa kanta, fuskokin mutane kawai take gani, sai ta ƙame.

Insaf ta zaro ashana daga ƙirjinta ta fito fili. Tsohon makaɗinta, Sabri, da ya gan ta a tsakiya, hannunsa ya buga kiɗanta bisa sabo. Na ga gumi ya keto mata. Hajiya ba ta dubi fuskarta ba, ƙugunta take duba. Insaf ta taka tamkar taɓarya, haƙora a cije.

"Juya wa iska baya, 'yar ƙauye! Dubi amarya!"

Atiyyat ta juya, ta durƙusa. Insaf ta kunna kyandirorin, sannan ta bi gefenta a sandare har ƙofar ango. Nahid ta shiga da haske. A bakin ƙofa Hajiya Fardus ta ce wa Insaf, "Ashe kin iya tafiya."

Yau Atiyyat ce ke raka amaren unguwarmu. Insaf ba ta sake rawa a idon jama'a ba, kuma ba za ta yi ba muddin Nahid tana gidan nan. Amma washegarin bikin da hantsi, babu ɗaliba, babu kiɗa, na ji dunduniyarta a saman kaina, kuma ba ta tsaya ba sai da aka kira azahar.