Gunkin da Lawban Ya Ba Ni

A zuwana na biyu Guangzhou, wajen ƙarshen shekarun casa'in, mai shagon da nake sarin kaya a wurinsa a kasuwar Shahe, wanda muke kira lawban, wato maigida, ya ce sai ya kai ni gidan adana kayan tarihi. Ban so zuwa ba, amma na ji nauyinsa.

A wani ɗaki an jera ƙananan gumaka na tagulla cikin gilashi, an shafe su da ruwan zinare. Ɗaya ya tsayar da ni: ɗan mutum a durƙushe, da fukafukai a kafaɗa da dogayen kunnuwa. Lawban ya ce a labaran mutanen da, irinsa ba ya mutuwa. Ni ba wannan ya dame ni ba. Mahaifina maƙerin farfaru ne a Kano, na tashi ina yi masa zuga, don haka inda aka haɗa fiffiken da jiki nake nema, ban kuwa gani ba. Na daɗe a tsaye, ina kallo ina istigfari.

Da za mu tafi lawban ya shiga shagon bakin ƙofa, ya fito da kwali, ya miƙo mini da hannu biyu. Irin gunkin ne, sabuwar ƙira. Na ce a'a. Ya yi dariya ya sake miƙowa. Na ƙi har sau uku, ban san a wurinsu haka mai ladabi ke yi kafin ya karɓi kyauta ba. Ya cusa mini a jaka yana murna.

A masauki na rasa inda zan sa shi. An koya mana mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da gunki, kuma a ɗakin nake sallah. Na ajiye shi a waje bakin ƙofa, mai shara ta ƙwanƙwasa ta maido mini. La'asar ɗin ranar sau biyu na yi ta, don ta farko gunkin na cikin ɗakin.

Na kai gunkin wurin wani dattijo ɗan Gana mai aika kaya, da ke ɗakin kusa da nawa.

"Alhaji, yaya zan yi da wannan?"

Ya jujjuya shi. "Kai Bakano, an aike ka sari ka dawo da aljani? Cire masa kai, ya zama ƙarfe."

"Kyauta ce fa, Alhaji."

"To raɗa masa suna." Da ya ga fuskata sai ya daina dariya. "Ɗana, mayar wa mutumin, ka faɗa masa gaskiya."

Washegari na koma Shahe, ina tsoron ɓata masa rai, don ban san wani shagon da zan amince da shi ba. Ban iya yarensu yadda zan yi masa bayani ba, sai na ɗora kwalin a teburi, na ɗaga hannuwa kamar mai kabbara, na nuna gunkin, na girgiza kai. Kunnuwan lawban suka yi ja. Na fara neman ƙofa da ido. Can ya buɗe aljihun tebur ya tura kwalin ciki, ya zuba mini shayi, ya jawo sabbin samfura yana jera su a gabana. Bai ce komai ba a kan maganar, ranar ko bayanta, ni ma ban iya tambayarsa ko ya huce ba.