Ludayin Inna Mai Jan Zare

Jiya ina awon gero a kasuwar Gidigir na ji a rediyo wai masana na duba jinin mata masu kansar nono, ko jikinsu ya taɓa yaƙar wata ƙwayar cuta. Sun ce ba su tabbatar ba tukuna. Na tsaya da tiya a hannu, na tuna Inna, yayar mahaifiyata da ta raine ni a Gure.

Ita ma kansar nonon ce ta kama ta. Likita a Damagaram ya ce ciwon nata ba a ɗauka. Ba ta yarda ba. Ta ɗaura wa ludayinta jan zare, ta koma ci ita kaɗai a bayan rumbu.

Rannan na iske ta tana shan fura, warin ciwon na fin turaren wutar da ta kunna. Na karɓe ludayin na sha.

"Kai ɗan nan, ba ka da hankali?"

"Inna, kin taɓa ganin na shiga cinikin asara?"

Ta yi dariya, ta matsa mini a tabarma. Sau ɗaya na yi haka. Sauran ranakun ina kasuwa, har Allah ya yi mata rasuwa.

Allah ya zaunar da ke cikin jama'a, Inna, inda ba mai ci shi kaɗai.