Kwaɗon da Gwaggo Hadiza ta jefa kan rufi

Igiyar na fara gani. Shuɗiya ce, irin ta shanya, a wuyan ƙanwata Rabi, da tsohon kwaɗon ƙofa yana lilo a ƙirjinta. Daga Gusau na taso, inda nake karatu yanzu, don addu'ar da tsohuwar makarantarmu ta Bungudu ta shirya wa Gwaggo Hadiza, ƙanwar babanmu, wadda ta cika shekara huɗu da rasuwa.

Na san kwaɗon nan. Lokacin da nake aji ɗaya, duk yarinyar da ta yi kuskuren Turanci ita ake rataya wa, ba za ta rabu da shi ba sai ta kama wata ta yi nata. Haka muka koma farautar bakin juna. Makon da Gwaggo ta karɓi darasin Turancin, ta cire shi daga wuyan wata 'yar Tsafe, ta wurga shi kan rufin aji. Har yau ina jin ƙarar kwanon.

Ba wai tana ƙyale kuskure ba ne. In kika karya jimla, sai ta maimaita ta daidai kamar hira kuke yi, ta jira ki sake faɗi. In rubutu ne, digon jan biro kawai take sa wa kalmar, ta ce ki nemo abin da ya ɓace da kanki. Ni da ba na iya ɗaga ido, a ajinta na fara ɗaga hannu.

Ban san wanda ya hau rufin ya sauko da shi ba. Na dai san Rabi, da surutunta ke cika gidanmu, ta gaya mini ta daina buɗe baki a aji. Ranar ma malami ne ya sa ta yi wa baƙi maraba da Turanci, harshenta ya sarƙe, aka rataya mata a gaban kowa.

A haka aka zauna yabon Gwaggo, ga sunanta da sabon fenti a saman ƙofar ajin. Shugaban makaranta har da alfaharin cewa yanzu ba a jin karyayyen Turanci a harabar. Ina za a ji, tunda an rufe bakunan? Da tana raye, ba za ta jira a shafa Fatiha ba.

Ni na jira, don ban kai ta ba. Amma abin da ta bar mini bai bar ni na tafi shiru ba. Na durƙusa a gaban shugaban.

"Malam, don Allah a cire wa Rabi kwaɗon nan, a daina rataya wa kowa. In ba za a daina ba, a goge sunan Gwaggo daga ƙofar."