Ruwan Gidan Kwano

Shekarar da kuɗin mai ya fara zagaya gari, mijin maƙwabciyata ya samu kwangilar kai yashin kogi Kano. Kafin damina ya sauke rufin azara ya ɗora kwano. Ban yi hassada ba, ni na kai musu dambun murna. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta kanta muke miƙa wa juna gishiri da garwashi tun ina amarya. Ƙawa nake ce mata.

Sai dai magina sun karkato bakin kwanon wajenmu. Duk ruwan da ya sauka a rufinsu, a gindin katangar yake zuba, ita ce kuma bayan ɗakin da nake kwana da yarana. Na leƙa na ce, "Ƙawa, ruwanku yana cin katangar nan. Ko a sa indararo ya kai shi lungu?"

Tana tsane shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ku ma ku sa siminti mana. Ginin ƙasa ai dama abincin ruwa ne."

Maigidana malamin firamare ne a Utai, mutum mai gudun magana. Ya samu mijinta, aka ce masa za a duba.

Daga nan, hadari na tasowa ƙirjina zai ɗau zafi. Na taɓa idar da La'asar ban san me na karanta ba, saboda ina tsara baƙar maganar da zan gaya mata. Wannan ya tsorata ni, na tafi Kausani wajen Inna, ƙanwar mahaifiyata. Ta bari na gama kuka, sannan ta ce, "Daina cewa an yi miki. Ki ce wata mata ce can garin Achika aka yi wa. Koma gefe ki kalle ta. Me za ki ce mata?"

Na ce, "Ta janye shimfiɗar yara daga jikin bangon, ta kame bakinta."

"To, kin ji."

Dabarar ta yi aiki. In ruwa ya sauko sai in ce a raina, ga matar Achika can tana tara roba a inda ke yoyo, baiwar Allah. Sallata ta dawo. Amma da na matsa nesa da kaina, ƙawar tawa ma ta yi mini nisa. A bakina ta tashi daga ƙawa ta koma maƙwabciya, daga baya matar gidan kwano. Gaba haramun ce, don haka kullum da safe ina gaishe ta ta kan katanga, ta amsa a daƙile, kowa ya kama gabansa.

Cikin marka, wata Asabar da hantsi, katangar ta zube. Allah ya taƙaita, yara suna makarantar allo. Ƙasa ta rufe gadona da jeren kwanukan da mahaifiyata ta yi mini kafin ta rasu. Da ƙurar ta lafa, sai ga ni ga matar gidan kwano, ba komai a tsakani, tana tsaye da muciya a hannu.

"Ashe bango ya faɗi," in ji ta. "Dama ya tsufa."

Na nemi matar Achika a raina na rasa. Gadona ne, kwanukan uwata ne. Maganar da na daɗe ina tsarawa ta taso har maƙogwaro. Na yi a'uziyya, na gyara mayafi, na durƙusa kamar yadda ake yi wa baƙuwar da aka fara gani a gidan biki.

"Sannu, baiwar Allah. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutanen gidanku? Yaya ruwa?"

Ta sauke muciyar. Ta ce, "Ƙawa..."

"A gai da maigidan," na ce, na juya.

Da yamma maigidana ya sayo zana a kasuwa ya kafa. Bayan damina suka sa indararo. Mun ƙara shekaru muna gaisawa kullum, garwashina kuwa daga gidan da ke bayanmu na koma ɗebowa.