Abin da Na Ji a Bakin Gadonsa

Sati uku da fara shan maganin sida, wato ƙanjamau, maigidana ya ƙara kwantawa. Zazzaɓi ya dawo, wuyansa ya kumbura. Muka ɗauko shi daga Mallawa zuwa asibitin Magaria, ni da yayansa.

Tun farko wata likita ta yi mini bayani. Ta ce a cikin jini akwai wasu ƙwayoyi da ake kira mataimaka, su ne ke tashin sauran masu tsaron jiki idan cuta ta shigo. Nasa sun kusa ƙarewa, maganin zai dawo da su.

Ranar Laraba likitoci biyu suka tsaya a bakin gadonsa suna gardama da Faransanci. Na yi lekol, makarantar boko, shekara shida, ina tsintar magana. Babban ya ce mataimakan ne suka farka, suka tarar da tsohon tarin fuka a ɓoye, suka afka masa da ƙarfi. Ƙaramin ya ce ganin cuta kaɗai ba ya tashinsu, sai da wata alama ta biyu, kuma masana ma ba su gama daidaitawa a kanta ba. Suka ɗaga murya. Amma abu ɗaya na ji daga bakin kowannensu: kada a tsayar da maganin.

Yaya bai ji ko kalma ɗaya ba, fuskokinsu kawai ya gani.

"Kin gani ko? Su kansu ba su san ciwon ba. Ƙanena suke koyon aiki da shi. Tattara kwanuka."

"Yaya, da dai an..."

"An me? Ke kika haife shi?"

A gidanmu mace ba ta mayar wa yayan miji magana. Ban taɓa ma kiran sunansa ba. Na naɗe tabarma, na ɗauki buta, muka fito da maigidana daga asibitin. A tasha Yaya ya karɓi kwalin maganin daga hannuna ya sa a aljihu, ban sake ganin maganin ba.

Maigidana ya rasu kafin a yanke gero.

A cikin takaba mata suna ta yabona, wai ina da kunya, ban taɓa ɗaga ido a gaban dangin miji ba. Ina cewa na gode.

Ni ma yanzu irin maganin nake sha. Duk wata ina ganin ƙaramin likitan. Sau ɗaya na tambaye shi ko an gano abin da ke tashin ƙwayoyin nan. Ya ce ana nan ana bincike. Su suna da lokaci. Ni ranar Larabar nan na san abin da ya kamata a sani, da Hausa kuma zan iya faɗinsa, cikin numfashi ɗaya.